Ƙullin Babana a Maraɗi

Tun da na dawo daga Maraɗi bakina bai huta ba. Matan Unguwar Shanu in sun zo sayen ƙuli-ƙuli sai su ja kujera su zauna: "Ramatu, wai da gaske ke ce kika ƙetare iyaka?" Na faɗa har na gaji, kuma kowacce in ta fita sai ta ƙara gishirinta. Shekaranjiya ma na ji wai an kulle ni a can. Shi ya sa na ari biron maigidana Malam na ce bari in rubuta kowa ya huta. Ajin yaƙi da jahilci kaɗai na yi, wanda ya ga harafi a karkace ya miƙar da shi.

Kun dai san ni. Kasuwa ma sai ta kama dole nake zuwa. Abin da ya fitar da ni shi ne gidan nan da muke haya tun ina amarya. Mai gidan ya aiko cewa zai sayar, ya ba mu zuwa babbar Sallah, in ba mu kawo kuɗi ba akwai ɗan kwangila da ke so ya rushe ya yi bene. Malam kuwa masinja ne a ofis, albashinsa ko kwanon rufin ba zai saya ba. Ni kuma duk inda na juya sai in ga abin da ba ya ɗaukuwa: mangwaron da na dasa da hannuna, rijiya, lungun da aka binne mahaifar 'ya'yana duka.

Babana, Malam Ila mai goro, fataucin Maraɗi ya yi duk rayuwarsa. Kafin ya rasu, tun yaƙin basasa bai fara ba, ya faɗa a gaban shaidu cewa ya ba ni abin da ya ajiye a can, wuri biyu. Akwai ƙulli a hannun ƙanwarsa, Gwaggo Hajjo. Akwai kuma wanda ya bar wa mai masaukinsa, Alhaji Isuhu, ya ce ya riƙa juyawa ana raba riba. Ban taɓa zuwa ba. Ina ganin abin da ke ajiye ai yana ajiye.

Ba a ba Malam hutu ba, sai ya haɗa ni da yayarsa, Yaya Asabe, mai sayar da atamfa, wadda ta san hanyar kamar tsakar gidanta. Da ta ga kayana a tashar Kawo sai ta riƙe haɓa.

"Matar ƙanina, ƙaura za ki yi? Wannan kuma mene ne?"

"Matashin kaina ne, Yaya. Ba na iya barci a na wani."

"Wannan fa?"

"Yaji da daddawa."

"Ji min kifin rijiya! An gaya miki mutanen Maraɗi ƙasa suke ci?"

Muka shiga fijo. Kafin mu kai Rigachikun na riga na tuna ban rufe bakin rijiya ba, na ce direba ya tsaya. Yaya ta ce in ya tsaya ita za ta tuƙa.

A gefena akwai wani saurayi da taguwa fara ƙal da biro a aljihu, za shi Katsina gaida iyayensa. Hira ta kai ya ce shi akawu ne a banki a nan Kaduna. Dama Malam ya ce in kuɗin sun zo a banki za mu sa su kafin a gama ciniki, sai na ce bari in tambaya.

"Ɗan nan, ɗakin da kuke zuba kuɗin jama'a, yaya girmansa? Kowa da akwatinsa ne?"

Ya yi dariya. "Inna, ai kuɗin ba zama suke yi ba. Ana barin ɗan kaɗan saboda masu zuwa karɓa yau da gobe. Sauran rance ake ba 'yan kasuwa."

"To in na zo neman nawa?"

"Sai a ba ki daga na wanda ya kawo da safe."

"In shi ma ya zo fa?"

"A ba shi daga na wani."

"In duk muka zo rana ɗaya?"

"Ai ba kwa zuwa rana ɗaya, Inna."

"Na ce in mun zo."

Sai ya daina dariya, ya gyara biron aljihunsa, ya ce, "Allah Ya kiyaye."

Wannan Allah Ya kiyaye ɗin ya zauna mini a ƙirji tun daga Zariya. A Funtuwa Yaya ta sayo balangu mai zafi, na kasa haɗiya. Bayan Malumfashi taya ta fashe, muka zauna a gindin kuka ana faci, ni dai ina lissafin mutanen da ba su san kuɗinsu sun fita yawo ba.

Mun kwana a Katsina gidan wata ƙawar Yaya. Mutanen kirki, sai dai gaisuwarsu ba ta ƙarewa, kuma tuwonsu ya fi namu tauri. Washegari muka hau akori-kura zuwa Jibiya. A nan na fara ganin farin da muke ji a rediyo: ƙasusuwan shanu a bakin hanya, da Buzaye mata zaune da 'ya'yansu ba mai ko kuka.

Ni dai Allah Ya ba ni kunne. Ana hayaniyar mota, amma na tsinci maganar wasu dillalan shanu biyu a bayana.

"Ka ji ƙohwar Alhaji Isuhu ta cika?"

"Na ji. An ce shanun da ya sa ma kuɗɗin mutane sun mutu arewa. Kowa na son nashi kahin a ce babu."

Na daƙuno Yaya. Ta ce ta ji, in rufe bakina. Sai na shiga lallashin kaina: to, ko na Alhaji ya tafi, ai na Gwaggo yana nan. Gwaggo ba banki ba ce, ba ta ba kowa rance.

A iyaka, namu 'yan kwastan ba su dame mu ba, sun san Yaya. Na can, da suke kira duwan, su ne suka zazzage jakata. Wani dogo da gajeren wando ya ɗaga matashina yana latsawa, yana Faransanci da abokinsa, ya zaci na ɗinke wani abu a ciki. Ya buɗe gwangwanin yajina ya kai hanci. Atishawar da ya yi sai da hularsa ta faɗi. Na ce yau kam na shiga uku, sai na ji ya ce da Hausa tsaf, "Uwata, wanga yaji na yaƙi ne?" Na ɗebar masa a takarda, ya sallame mu. Daga nan aka yi labarin wai an kulle ni.

Maraɗi gari ne na Hausawa kamar mu, amma komai da ɗan bambanci. In za su ce tafi sai su ce tahi. Gero kuwa hatsi suke kiransa, kamar sauran ba hatsi ba ne. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, ɓawonsa na yanka dasashi. Kuɗinsu sefa, amma ba wanda zai ce maka sefa nawa, da dala suke ƙirga, ka ba da abu kaɗan a maido maka canji cike da hannu ka rasa wa ya cuci wa.

Gwaggo Hajjo ta tsufa, idonta ya yi hazo. Ta shafa fuskata ta ce hancin Ila ne, ta yi kuka, na yi. Aka kawo tuwon wata jar dawa da ake rabawa ta agaji, mai warin buhu. Jikokinta duk wuyansu ya yi siriri. Nan yajina da daddawata suka yi rana, har Yaya mai yi mini dariya ta ci.

Da hantsi Gwaggo ta sa aka janye gadonta. A ƙarƙashi akwai tulu binne har wuya, an liƙe bakinsa da laka. Ta fasa da kanta, ta zura hannu cikin tokar da ta zuba saboda gara, ta fito da ƙulli. Na gane ƙyallen, guntun rawanin Baba ne. Na gane ɗaurin ma, irin wanda yake yi wa huhun goro.

"Ga amanarki, ɗiyata," in ji ta. "Yadda ya ɗamre haka take. Bana yunwa ta shigo gidan ga har muka ci dussa, yara suka ce in kwance in ranta. Na ce ba nawa ba ne."

Na kwance. Takardun fam ne, a jere, lumui, ko lanƙwasa babu. Na ɗago ina murna na dubi Yaya. Yaya ta zari ɗaya, ta juya gaba, ta juya baya, ta mayar. Ban taɓa ganin bakinta ya mutu ba sai ran nan. Ta sunkuyo daidai kunnena.

"Ramatu, na kafin yaƙi ne. An canja su lokacin yaƙi, aka kuma canjawa da naira ta zo. Ko gishiri ba za su saya ba."

Duk canjin nan biyu da ni aka yi a Kaduna, har layi na bi. Amma ban taɓa kawowa a raina abin ya shafi ƙullin da ban san cikinsa ba. Ni azurfa nake zato.

Gwaggo ta karkato kai. "Sun cika?"

Na dubi wuyan jikokinta. Na ce, "Sun cika, Gwaggo. Ko ɗaya bai ɓata ba."

"Alhamdu lillahi. Yau na sauke kaya."

Saura Alhaji Isuhu ke nan, wanda aka ce ƙofarsa ta cika. Na mayar da ɗaurin, na rungumi ƙullin a ƙarƙashin mayafi, ina cewa mutumin da ya san kuɗi haka ƙila ya san inda har yanzu ake karɓarsu. Yaya ta ce babu, amma ta bar ni.

Tun daga bakin layi muka ga mutane. Dillalai, mahauta, masu jakai, mata a gefe guda a gindin bedi, wato darbejiya. Ba mai zagi, ba mai ɗaga murya, kuma wannan shirun ya fi ba ni tsoro. Kowa ya kafa wa zauren ido, kowa kuma yana satar kallon na kusa da shi, kada ya riga shi. Muka raɓa wajen matan. Wata mai fara'a, Habsu mai waina, ta matsa mini a tabarma. Ta ce kuɗin da take tarawa ne don ta sayi injin niƙa, kullum kasuwa ta tashi sai ta kawo wa Alhaji.

"Ya taɓa hana ki?" na tambaye ta.

"Ko sau guda. Ko da tsakar rana na zo sai ya ba ni."

"To me ya kawo ki yau?"

"Na ga kowa ya zo."

Yaya ta aika ciki cewa 'yar Malam Ila mai goro ce daga Kaduna. Ba a jima ba aka ce mu shiga ta wajen mata. Garin kutsawa mayafina ya zame, bakin ƙullin ya buɗe, gefen takardun ya leƙo, kauri guda. Na yi maza na rufe. Habsu ta riƙo zanena.

"Baiwar Allah, kawowa kika yi?"

Kafin in amsa, Yaya ta ja hannuna. Amma kunnena na baya. Na ji Habsu ta ce wa ta kusa da ita, "Kawowa ta yi." Na ji ta kusan ta ce, "Daga Kaduna an kawo ajiya." Kafin mu ƙetare soro na biyu na ji muryar namiji can waje yana cewa, "An ce Alhazan Nijeriya sun aiko mai da kuɗɗi buhu guda."

Alhaji Isuhu ɗan tsamurmurin tsoho ne, yana zaune a kan buzu, uwargidansa na yi masa fifita. Ga akwatin ƙarfe a gefensa a buɗe, na leƙa da wutsiyar ido, ƙasansa ake gani. Ya tambayi Kaduna, ya yi wa Baba addu'a. Na ajiye ƙullin a gabansa. Ya duba ya girgiza kai.

"Hajjo ta riƙe amana, Allah Ya saka mata. Amma wanga ya mutu, ɗiyata."

"Na wajenka fa, Baba Alhaji?"

"Wanda ubanki ya ba ni bai kwana gidan ga ba. Ran nan na sa shi cikin hwata. Daga hwata ya koma gyaɗa, daga gyaɗa ya koma tuhwahi. Shi ya sa canji bai same shi ba. Ya ƙaru ƙwarai."

"To yana ina?"

"Yana aiki."

"Baba Alhaji, ni ba aikinsa nake so ba. Gida za a rushe da ni a ciki."

Na zayyana masa komai. Ya nuna akwatin.

"Abin da nake bari nan, na masu zuwa yau da gobe ne, kuma shekara da shekaru yana isa. Shanu sun mutu, gaskiya ne, amma ba su ne dukiyar duka ba. Akwai hatsi bisa hanya daga kudu, akwai kaya hannun mutane. In an ba ni lokaci kowa zai samu nashi. In kuwa aka ce yau, sai in sayar da komi a wulaƙance, na gaba su samu, na baya su tashi da hannu biyu."

Maganar akawun nan ce sak, sai dai shi wannan rana ɗayar ta riga ta same shi.

Ana haka ɗansa babba ya shigo yana haki. "Baba, mutane na raguwa. Wai an kawo maka kuɗɗi daga Kaduna."

Alhaji ya dubi ƙullin, ya dube ni. Bai yi murmushi ba. Ya ce, "Ni ban aiki kowa ya hwaɗi haka ba." Ya tashi ya fita zaure, muna jiyo shi. Ya gaya musu shanu nawa ne suka mutu, ya gaya musu hatsi na hanya, ya ce mai mara lafiya da mai yunwa a gida su matso a sallame su yau, sauran su ba shi zuwa isowar motoci. Ba wanda ya tambaye shi zancen Kaduna, shi ma bai ɗauko ba. Da safe da ya faɗi haka, na tabbata da ba su saurara ba. Yanzu kuwa sai na ji ana "Allah Ya kawo su lahiya," ana neman takalma.

Da ya dawo ya ciro carbinsa, baƙi, mai ƙwaya ɗaya ja a kusa da liman. Ya miƙo mini.

"Kin san Alhaji Mudi mai atamhwa a babbar kasuwar Kaduna?"

Yaya ta ce, "Wurinsa nake sari."

"Ki kai mai wanga. Ki ce Isuhu ya ce a ba ɗiyar Ila abin Ila."

"Shi ke nan? Ba takarda?"

"Takarda ai ga ta nan kin zo da ita tuli," ya ce, yana nuna ƙullin.

Da muka fito na hango Habsu tana naɗe tabarma. Raina bai ba ni in wuce ba. Na ja ta gefe na gaya mata gaskiya, cewa matattun kuɗi ne, ni ma karɓa na zo. Ta zaro ido, ta waiga dama da hagu, ta kama hannuna ta matse.

"Wa kika gaya ma bayan ni?"

"Ba kowa."

"To don Allah ki bar shi cikinki har ki hau mota. Bari in karɓi nawa tukuna."

Dawowa ba ni da labarinta da yawa, domin ban ga hanya ba. Carbin na rataye a wuyana cikin riga, hannuna a kai. A iyaka mai atishawa ya gane ni ya ɗaga mini hannu. Ni dai tambaya ɗaya nake yi wa Yaya: in Alhaji Mudi ya ce bai san zancen ba fa? In shi ma nasa yana aiki fa? A Zariya ta ce in na kuma tambaya za ta sauka ta bi jirgin ƙasa.

Malam na tsaye a ƙofar gida. Ko sannu da zuwa bai gama ba ya ce, "An dace?" Na ciro carbin na nuna masa. Ya dube shi, ya dubi yayarsa.

"Yaya, Maraɗi kuka je ko wurin mai duba?"

Da safe muka tafi kasuwa mu uku. Alhaji Mudi ya karɓi carbin, ya laluba har ya kai ga jar ƙwayar, ya sumbace shi. Na faɗi saƙon kamar yadda aka ba ni.

"Ikon Allah! Ashe ke ce 'yar Malam Ila?" Ya juya ya daki dilolin atamfa da ke jibge har rufi. "Ai kuɗin mahaifinki ga su nan, Hajiya. Shekara nawa suna shiga suna fita a rumfar nan."

Rumfar da na taɓa tsayawa na yi cinikin turmi ɗaya na kasa saya! Daga gidana zuwa nan ko kuɗin mota ba a biya in mutum na jin ƙarfi.

Shi ma bai da su duka a hannu. Amma ya ba da kaso mafi yawa a ranar, ya sa babbar riga ya bi Malam wurin mai gidan, ya ce ragowar a wuyansa take, bayan cinikin Sallah. Mai gidan ya yarda da bakinsa. Sai da na ga an shafa fatiha na saki numfashi. Sai da na dawo daga can na lura da rijiyar a buɗe kamar yadda na ce, kaza ɗaya ta faɗa.

Masu tambayata yanzu ina ya fi a ajiye kuɗi, banki ko ɗan kasuwa ko tulu, wallahi ban sani ba. Na ga wanda aka hana motsi ya mutu a kwance, na ga mai yawo ya kusa kashe mai riƙonsa. Kowanne na tuna sai gabana ya faɗi.

Wani direba da muka aika ya mayar wa Alhaji Isuhu carbinsa, na sa shi ya tambayo mini Habsu. Ya ce motocin hatsi sun iso, ta karɓi kuɗinta cif, ta kwana da su a ƙarƙashin matashi ba ta runtsa ba, kasuwa na zagayowa ta mayar wa Alhaji.

Ya kuma zo da saƙon Gwaggo. Wai tana tambaya ko ƙullin ya isa sayen gidan. A gindin mangwaro na ba shi amsa. Na auna mata gero da daddawa, na ce ya kai mata, ya ce mata gida ya zama namu, kuma ba don ƙullinta ba da ba a same shi ba.